Fim ɗin Zaki: ya gane hanyar gida, amma ina harshen uwa?



A wannan fitowa ba maganar iri ko taki na kawo muku ba. Maganar wani fim ce, da abin da na gani a cikinsa, mai kyau da marar kyau.

Kwanan baya, bayan mun tashi daga karatun dare, na nuna wa ɗalibaina fim ɗin a wata kwamfuta da na aro. Suna kallo, ni kuma ina fassara musu da Hausa. Da aka ƙare, ba wanda bai share hawaye ba. Sai wata tsohuwa, wadda ta girme mu duka a ajin, ta ce: "Malam, akwai abin da ban gane ba. Yaron nan ya ga uwarsa bayan shekara 25. Me ya hana su shimfiɗa tabarma su yi hira? Da nawa ne, sai asuba ta same mu muna magana."

Na ce: "Inna, ai ba ya jin maganarta. Ita ma ba ta jin tasa."

Ta yi shiru. Can ta ce: "Ashe bai gama dawowa ba."

Maganar tsohuwar nan ta hana ni barci. Ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Kai mai karatu, ko ka ga fim ɗin ko ba ka gan shi ba, biyo ni mu duba tare.

Ga labarin a taƙaice

Sunan fim ɗin Lion, wato Zaki. Ya fito a shekarar 2016. Wanda ya shirya shi Garth Davis ne, mutumin ƙasar Ostiraliya. Labarin ba tatsuniya ba ce. Mai labarin, Saroo Brierley, shi ya ba da shi a wani littafi da ya fito a 2013. Daga littafin aka yi fim. Sunan nasa, Saru ake faɗinsa, haka kuma zan riƙa rubuta shi.

A shekarar 1986 Saru yana ɗan shekara 5. Suna zaune a gefen garin Kandwa, a tsakiyar ƙasar Indiya. Talakawa ne ƙwarai. Uwarsu dakon duwatsu take yi don ta ciyar da su. Wani dare ya matsa wa wansa Guddu sai ya bi shi neman aiki. Suka hau jirgin ƙasa zuwa wata tasha. Barci ya kama yaro. Wan ya kwantar da shi a kan benci, ya ce ya jira shi. Da ya farka bai ga kowa ba. Ya shiga wani jirgi da ke tsaye yana neman wansa, barci ya sake ɗaukarsa. Jirgi ya tashi da shi, ƙofa a kulle.

Bai sauka ba sai a Kalkata, tafiyar kilomita wajen 1,600. Ka auna: ya fi nisan Yamai zuwa Diffa. A Kalkata harshen Bangali ake yi, shi kuwa Hindi kaɗai ya iya. Ya yi makonni yana kwana a titi. Daga baya aka kai shi wurin ƴan sanda, daga nan gidan marayu. An buga hotonsa a jaridu, ba wanda ya zo. A 1987 wasu Turawa mata da miji, Sue da John Brierley, suka karɓe shi riƙo. Aka sa shi a jirgin sama zuwa garin Hobat, a tsibirin Tasmaniya, can kudancin Ostiraliya.

Ya girma a can, ya yi karatu, ya zama magidancin kansa. Sai ya shiga neman garinsu da wani abu da ake kira Google Earth. Hotunan ƙasa ne da aka ɗauko daga sama, ana kallonsu a kwamfuta, mutum ya ga gari da hanya da gulbi kamar shaho ne shi. Shekara da shekaru yana bin layin dogo da ido, yana neman tashar da ke da babban tankin ruwa, irin wanda muke ce wa shato. A 2011 ya gane wurin. A watan Fabrairu na 2012 ya je, ya sami uwarsa da rai. Ba ta taɓa barin unguwar ba, tana jiran ranar da zai dawo. Nan ya ji cewa jirgi ya kashe wansa Guddu tun daren da suka rabu. Nan kuma ya gane sunansa ma ba daidai yake faɗi ba. Sheru aka raɗa masa, ma'anarsa zaki.

Inda fim ɗin ya yi kyau

Mu ba mai haƙƙi haƙƙinsa. Rabin farko na fim ɗin nan aiki ne mai kyau ƙwarai.

Mu nan mun saba da fina-finan Indiya. Mun san irin labarin ƴan'uwan da suka ɓace wa juna. A fim ɗin Yaadon Ki Baaraat na 1973, ƴan'uwa uku sun rabu tun suna yara, waƙar gidansu ce ta haɗa su. A Amar Akbar Anthony na 1977, ƴan'uwa uku sun tashi a gida uku, addini uku, amma a ƙarshe sun gane juna, sun zauna suna magana ba wuya. Waɗannan labaran daɗin kallo ne. Fim ɗin Zaki bai bi wannan hanya ba. Ba rawa, ba waƙar da za ta cece shi. Yaro ne ɗaya cikin dubban mutane, yana kiran wansa, ba mai juyowa.

Masu fim sun sauko da na'urar ɗaukar hoto daidai tsayin yaron. Abin da yake gani shi kake gani: ƙafafun manya, akwatuna, ƙofar da hannunsa bai kai ba. Yaron da ya fito a matsayin Saru, Sunny Pawar, bai taɓa yin fim ba kafin wannan, bai kuma iya Ingilishi ba a lokacin. Da ido yake magana, kuma ana ji.

Sun kuma yi jarumta a wuri ɗaya. Fim ne na Turawa, don kasuwar Turawa, amma sun bar wannan rabin kusan duka da Hindi da Bangali. Mai kallo ya ɗanɗana abin da yaron ya sha. Dubi wurin da ya je gaban mai sayar da tikiti yana ta faɗin sunan garinsu, ana ture shi gefe. Dubi wurin da ƴan sanda suka tambaye shi sunan uwarsa, ya ba su kalmar da yake kiranta da ita a gida. Kamar a tambayi ɗanka ne ya ce "Inna". A nan fim ɗin ya nuna mana sarai cewa wanda ba a jin harshensa ya ɓata ko da yana tsakiyar kasuwa.

Wani abin yabo kuma, ba su mai da iyayen riƙo mugaye ba. Baturiyar nan, wadda Nicole Kidman ta fito a matsayinta, uwa ce ta gaske. Ta yi wa yaro wanka, ta yi jinya, ta yi kuka a kansa. Akwai wurin da take gaya masa cewa ba rashin haihuwa ya sa suka karɓe shi ba, su suka zaɓi haka, don yara masu bukata sun yi yawa a duniya. Ɗa na kowa ne. Wannan mun yarda da shi. Ba mamaki da aka sa fim ɗin a takarar kyautar Oscar ta Amurka a fanni 6.

Inda fim ɗin ya tsallake rami

To, ga inda nake da magana.

Yaro ya isa Hobat. An nuna mana shi yana taɓa firji da talabijin, yana faɗin ƴan kalmomin Ingilishi da aka koya masa a gidan marayu. Bayan shekara ɗaya aka kawo wani yaron daga Indiya. Sai kawai aka rubuta a allo cewa shekara 20 sun wuce. Ga saurayi ya fito daga ruwan teku, Ingilishi zalla a bakinsa.

Ina shekara 20 ɗin? A cikinsu ne babban abu ya faru. A cikinsu ne Hindi ya fita daga bakin yaron, yau kalma ɗaya, gobe biyu. A rabin farko an nuna mana ciwon rashin harshe. Da aka zo wurin da harshen ya mutu gaba ɗaya, sai aka kau da ido. Kamar mai ba da labarin fari ne ya nuna maka shuka, ya nuna maka rumbu ba hatsi, amma bai nuna maka watan da ruwa ya ɗauke ba.

Abin da ya fi ba ni haushi, littafin Saru ya faɗi abin da aka yi a shekarun nan, kuma abin koyi ne. Uwar riƙonsa ta manna taswirar Indiya a bangon ɗakinsa tun kafin ya iso. Ta ƙawata gida da kayan Indiya. Ta koyi dafa abincinsu. Akwai wasu Indiyawa mata da miji a kusa, ana kai shi wurinsu ya ci abinci, su yi masa Hindi. Da bakinsa ya buɗe da Ingilishi ya fara ba ta labarin gida, ta zauna ta rubuta, suka zana taswirar unguwarsu tare. Ba su kuma sake masa suna ba, sun bar masa wanda ya zo da shi. A zamanin nan, ba kowane mai riƙo ke yin haka ba. Ina ganin wannan ƙoƙari yana cikin abin da ya riƙe masa hoton gida a zuciya har ya iya nemo shi.

Amma duk da haka harshe ya tafi. Wannan ita ce tambayar da ya kamata fim ya yi: mace ta yi iyakar ƙoƙarinta, me ya sa bai isa ba?

Amsar ba ta da nisa. Taswira a bango ba ta magana. Gunkin giwa a kan tebur ba ya amsa gaisuwa. Harshe a bakin mutane yake zaune. Sai an aike ka da shi, an yi maka faɗa da shi, an yi maka tatsuniya da shi, kullum. Ziyarar lokaci-lokaci ba ta riƙe shi. Mu kanmu mun ce zumunta a ƙafa take. Harshe ma haka ne.

Masu bincike sun auna wannan abu. A Faransa, a 2003, wani masani mai suna Christophe Pallier da abokan aikinsa sun gwada mutum 8 da aka haifa a Koriya, aka kai su gidajen Faransawa suna tsakanin shekara 3 da 8. Da suka girma aka sa musu magana da harsuna daban-daban. Ba su iya ware harshen Koriya daga sauran ba. Ka ji, har wanda ya bar gida yana da shekara 8. Amma akwai labari mai daɗi. A 2017 an gwada wasu mutum 29 irinsu a ƙasar Holan. Da aka fara koya musu furucin harshen Koriya, sai suka fi Turawan da aka haɗa su da su saurin kamawa. Ashe akwai saura, kamar garwashi a cikin toka. In da mai hurawa, sai ya kama.

Wuri ɗaya ne fim ɗin ya taɓa wannan ciwo, kuma ya taɓa shi da kyau. Saru ya je cin abinci gidan abokan karatunsa Indiyawa. Kamarsu ɗaya, fatarsu ɗaya, amma bai iya cin abinci da hannu irin nasu ba. Sai ya shiga madafa ya ga jalebi, wani abin zaƙi dangin alkaki, wanda ya taɓa roƙon wansa ya saya masa a kasuwa. Ya sa a baki, gida ya faɗo masa gaba ɗaya. Baki ya manta magana, amma bai manta ɗanɗano ba. Dev Patel, wanda ya fito a matsayin Saru babba, ya yi wurin nan da gwaninta. Da ma an ba mu irinsa goma a madadin dogon zaman da aka nuna shi yana kallon kwamfuta.

Uwar da ba a ba ta baki ba

Laifi na biyu. Daga ranar da yaro ya ɓata, uwarsa Kamla ta fita daga fim. Ba ma ganinta sai a cikin tunaninsa da mafarkinsa. Shekara 25 na mace mai neman ɗa, wadda ta binne wani ɗan a lokaci guda, ba a ba ta ko minti biyar nata na kanta ba. Uwar riƙo kuwa an ba ta wuri ta zauna ta faɗi abin da ke ranta. Uwa biyu ne, amma ɗaya kaɗai aka ba baki.

Haka ma asalin gidansu. Littafi ya faɗi cewa uban Saru Musulmi ne, uwarsa kuwa daga gidan Hindu ta fito, ana kuma kiranta Fatima. Fim bai kula da wannan ba. Addinin gidan da aka haifi yaro ba ƙaramin abu ba ne a cikin gadonsa.

Ɗayan yaron da aka kawo ma haka. An nuna shi mai fushi, mai bugun kansa, mai wahalar da iyaye. Me ya gani kafin ya zo? Me ya rasa? Ba a gaya mana ba. Mai kallo zai iya tashi da zaton wai yaro ɗaya mai albarka ne, ɗaya kuma marar godiya. Wannan zato zalunci ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sai ƙarshen fim. Uwa ta tunkaro cikin mata, ta shafa tabon da ke kansa, ta gane nata ne. Suka rungume juna, unguwa ta cika da murna. Nan kowa ke kuka, ni ma na yi. Amma littafi ya faɗi abin da ya biyo baya. Da aka shiga ɗaki aka zauna, sai da aka nemo wata maƙwabciya mai jin Ingilishi ta yi musu tafinta. Ka tsaya ka yi tunani. Kana son ka ce wa uwarka ta yafe maka, sai ka gaya wa wata, ita ta gaya mata. Fim ya rufe da runguma don mu tashi da farin ciki. Tsohuwar ajinmu, wadda bara ta fara riƙe alli, ita ta ga abin da aka rufe.

Abin da duniya ta gano daga baya

Kada ka ɗauka labarin mutum ɗaya ne. Tun bayan yaƙin Koriya, wanda ya ƙare a 1953, an fitar da yara wajen 200,000 daga Koriya ta Kudu zuwa Amurka da Turai da Ostiraliya. A da, akasari ana ganin alheri shi ne yaro ya manta baya, ya zama ɗan gidan da ya shiga. Da yaran suka girma, da yawansu suka ce ba haka ba ne. Sun ci, sun sha, sun yi karatu, amma in sun dubi madubi ba su ga kamar kowa na gidan ba, in sun koma ƙasar haihuwa kuma baƙi ne.

An kai Saru Ostiraliya a 1987, kafin a yi manyan dokokin da ke kula da wannan al'amari. A 1989 Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi yarjejeniyar haƙƙin yara, Nijar ta amince da ita a 1990. Sashe na 8 ya ba yaro haƙƙin riƙe sunansa da ƙasarsa da danginsa. Sashe na 20 ya ce in za a ba da yaro riƙo, a kula da ƙabilarsa da addininsa da al'adarsa da harshensa. A 1993 aka yi wata yarjejeniyar a garin Heg na ƙasar Holan. Ita ta ce a fara nema wa yaro gida a cikin danginsa ko a ƙasarsa, kafin a ce za a tsallaka da shi waje.

An kuma gano cewa ba duk wanda takarda ta kira maraya ne maraya ba. A maƙwabciyarmu Cadi, a watan Oktoba na 2007, an kama wasu Faransawa a Abeshe za su fita da yara 103 da sunan marayun Darfur, alhali yawancinsu suna da iyaye. A 2025 wani kwamitin gwamnatin Koriya ta Kudu ya tabbatar an yi ta rubuta ƙarya a takardun yaran da aka fitar. Habasha ta hana ba baƙi yara riƙo a 2018. Ƙasar Sin ma ta rufe ƙofar a 2024. Shi Saru ba sace shi aka yi ba, ɓata ya yi, an kuma yi cigiya. Amma ka lura: a takarda ba shi da kowa, alhali uwarsa na can tana nemansa.

Mu Musulmi wannan magana ba baƙuwa ba ce gare mu. Zaidu ɗan Harisa ya tashi a hannun Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har mutane suna kiransa ɗan Muhammadu. Sai hukunci ya sauka a cikin Suratul Ahzabi, aka mayar masa da sunan ubansa. Riƙon maraya lada ne babba. Shafe asalinsa kuwa an hana.

Abin da ya shafe mu

Za ka ce: "Malam, mu ina ruwanmu da Ostiraliya?" Gaskiya ne, nisa akwai. Amma riƙo a gidajenmu yake. Yawancinsa tsakanin dangi ne, yaro ya san ubansa, yana zuwa gida da salla. Wannan abu ne mai kyau, mu riƙe shi. Sai dai akwai ɗan Fulani ko ɗan Abzinawa ko ɗan Zabarmawa da fari ko mutuwa ta kawo gidan Bahaushe. Akwai kuma namu da ke tashi a hannun wasu, a birni ko a wata ƙasa. In irin wannan yaro yana hannunka, ka ciyar da shi, ka tufatar da shi, Allah ya saka maka. Amma kada ka tsaya nan. Bar masa sunansa da na ubansa. Gaya masa garinsu. Kai shi wurin masu harshensa, ba sau ɗaya a shekara ba. Kada ka yi dariya in ya yi maganarsu. Kada ka nuna masa cewa in ya tambayi danginsa ya yi maka butulci. A cikin fim Saru ya daɗe yana ɓoye wa uwar riƙonsa neman da yake yi, don tsoron kada ranta ya ɓaci. Da ya gaya mata, sai ta yi murna. Da tun farko ya san haka, da bai ɗauki kayan shi kaɗai ba.

Sai darasi na ƙarshe, wanda ya fi kusa da aikinmu. Me ya ɓatar da Saru shekara 25? Jirgi ya ɗauke shi na ɗan lokaci ne kawai. Abin da ya hana a mayar da shi, rashin sani ne. Unguwarsu Ganesh Talai take, shi kuwa yana cewa Ganestale, ba wanda ya gane. Bai san sunan uwarsa ba. Sunansa ma ya karkace a bakinsa. Ranar haihuwarsa, hukuma ce ta ƙiyasta masa, kamar yadda aka rubuta wa da yawanmu "wajen shekara kaza" a takarda. Cigiyar da aka buga a jarida kuwa, a Kalkata aka buga ta, uwarsa na nesa, kuma ba ta yi karatu ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

Kakanninmu suna yi wa yaro tsaga a fuska, ko ya ɓata a gane gidansu. Yanzu tsaga tana ƙarewa. Abin da zai tsaya a madadinta shi ne rubutu.

Don haka ga aikin da na ba ɗalibaina, kai ma na ba ka. Yau da dare kira ɗanka ko ɗiyarka mai shekara 4 ko 5. Tambaye shi sunansa na yanka. Tambaye shi sunan ubansa, da sunan uwarsa na gaskiya. Na san kunya ta hana yaro faɗin sunan iyaye, amma a nan a ajiye kunya, a koya masa, ya riƙe don ranar bukata. Tambaye shi sunan ƙauyenku, da babban garin da ke kusa, da sunan mai gari. In bai iya ba, a maimaita masa kullum har ya zauna. In an yi haihuwa, a je a yi wa jariri takardar haihuwa da wuri. In yaro zai yi tafiya, ko makarantar allo za a kai shi, rubuta sunayen nan da lambar salula a takarda, a ɗinke masa a riga. Ai ka iya rubutu yanzu. Ga ranarsa ta zo.

To, a kalli fim ɗin ko kada a kalla? A kalla. Rabinsa na farko ya isa a tara iyali a gani. Amma in an zo wurin da aka rubuta shekara 20 sun wuce, a tsayar da shi, a tambayi juna: me ya faru a nan? In an zo ƙarshe kuma, bayan an share hawaye, a tuna da tafintar da ke zaune tsakanin uwa da ɗanta.

Wanda yake da ra'ayi a kan wannan magana, ko ya taɓa riƙon yaro, ko shi aka riƙa, ya rubuto mana da hannunsa. Ko layi uku ne, za mu karanta.

Allah ya raya mana zuri'a, ya mayar da ɓatattu gida. Amin. Sai wata fitowa.